Ƙarar da Orest Bai Ji Ba

Yayana Orest Bilyk ya yi shekara arba'in da huɗu yana cire taya yana mayar da taya a shagon Sawchuk, kuma daga garinmu har garin Dauphin duk wanda ka tambaya zai gaya maka notin da Orest ya ɗaure ba ya motsi. Ni ce ƙanwarsa, Noreen. Shekara ashirin da shida na yi a kan kantar shagon nan ina ɗaga waya ina shan masifar manoma, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin mutane na tsince shi ba. A gabana aka yi, kuma da hannuna a ciki.

Babanmu ya so Orest ya gaji gona. Orest ya ce shi da alkama sai dai su haɗu a burodi, ya tattara ya tafi wurin tsohon Sawchuk. Gajere ne kakkaura, ba shi da yawan magana, amma in ya buɗe baki ya tsokane ka sai ka wuni kana ƙuna. Ni ya fi addaba. Tun muna yara Rediyo yake kirana, wai har yau ba a gano inda ake kashe ni ba. Na yi aure, na yi jikoki, bai daina ba.

Tsohon Sawchuk ya rasu ya bar wa ɗansa Gord shagon da ƙa'ida biyu. Ta farko, bindigar iska, wato injin nan mai juya noti da ƙarfin iska, aikinta kwance noti ne da kai shi kusa, ɗaurin ƙarshe kuwa da hannu ake yi, da doguwar sifana mai awo. Kana ja, in noti ya kai iyakarsa sai sifanar ta ce ƙas, sau ɗaya, ka tsaya. In ka wuce nan, bol ɗin da notin ke hawa sai ya miƙe, ya sirance ta inda ido ba ya gani, wata rana ya tsinke. Ta biyu, duk motar da za ta fita sai na rataya mata 'yar takarda rawaya a madubi: a dawo bayan kilomita ɗari a sake duba noti. Dubbai na rataya. Amma motar gidan Orest ba a taɓa rataya mata ba, ko sau ɗaya. Ya ce takardar ta baƙi ce. Haka ma sauran ma'aikatan suke yi da motocin matansu, kowa yana ganin raini ne a duba masa aikin da ya yi wa iyalinsa.

Kunnensa ne ya fara tafiya. Shekara arba'in bindigar iska tana masa tsawa a ka, kuma a zamaninsu duk wanda ya toshe kunne dariya ake masa. Bayan kunne sai yatsu. In sanyi ya shigo sai su yi fari fat, su mutu murus, ya riƙe kofi mai zafi bai san da zafi ba. Matarsa Darlene ma'aikaciyar jinya ce, ta yi lallashi ta yi faɗa ya je a auna shi. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Abin da nake son ji ina jin sa." Ya koyi kallon bakin mutane, ya koyi gyaɗa kai a daidai inda ya kamata, aka ci gaba da cewa Orest ai dama shiru-shiru ne.

A wurin aiki ni kaɗai na gane. A gaban tagar ofishina ake sauke motoci a yi musu ɗaurin ƙarshe. Wata rana yana kan motar wani manomi, na ji ƙas ƙarara, shi kuwa ya ci gaba da ja. Na miƙe na ɗaga biron da ke hannuna ina kaɗa shi kamar mahaukaciya. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi sifanar, ya saki. Ya matsa kan noti na biyu ya fara ja a hankali, idonsa a kaina. Ƙas. Na ɗaga biro. Ya tsaya.

Shi ke nan fa. Shekara uku muka yi a haka. Tagar nan a buɗe nake barin ta don in ji, ko da sanyi yana tsaga ƙashi, Gord yana ta mita wai ina ɗumama masa titi. Ni da Orest ba mu taɓa ta da maganar ba. Ko sannu bai taɓa ce mini ba, kuma wallahi abin yana cina. Na san kamata ya yi in gaya wa Gord. Na kuma san in na faɗa za a mayar da shi sito ya riƙa jera tayoyi, kuma a wurin Orest gara a binne shi da haka. Na yi shiru, ina ganin taimako nake yi.

Darlene gida-gida take bi tana duba tsofaffi a gonaki, wata rana ta yi kilomita ɗari biyu a kan tsakuwa. Shi ya sa ta sayi motar nan mai haɗa fetur da batir. Orest bai taɓa ganin ta da mutunci ba, keken ɗinki yake ce mata. In tana tafiya a hankali injin sai ya kashe kansa, ta riƙa sulalewa shiru, har ta shigo gida karensu bai ɗaga kai ba. Darlene kuwa tana son abinta. Akwai ɗan allo a gaba da ke nuna yawan man da ta sha, kullum sai ta karanta wa Orest, shi kuma ya yi tsaki. Sai dai tayoyin da motar ta zo da su sirara ne masu tauri, an yi su ne don tattalin mai. Wani hunturu suka zame da ita cikin ramin gefen hanya, ta yi awa biyu a zaune cikin sanyi kafin mai tarakta ya zo ya ja ta.

Da bazara sai ga Orest ya yi odar rim huɗu na alminiyam, wato ƙarafan da ake ɗora taya a kansu, masu faɗi, suna sheƙi, da tayoyin hunturu masu ƙusoshi. Ya ɓoye su a sito bayan tayoyin tarakta ya rufe da tamfol. In an tashi cin abincin rana sai ya zagaya ya goge su da tsumma. Ranar da Darlene ta biyo shago ta kama shi yana goga, ina tsaye.

"Tsoho, wa ya aike ka?" ta ce. "Waɗannan ƙafafun giwar ai mai za su shanye mini."

Ya kalli bakinta, ya ce, "Su sha. Gara ki tsaya a gidan mai da ki tsaya a rami."

"Ji shi fa! Shekara talatin da takwas bai taɓa saya mini fure ba, sai taya."

"Fure yana kama ƙanƙara?"

Na ce, "Matar yaya, karɓi abinki ki yi godiya. A gidanmu wannan ita ce wasiƙar soyayya, ba za ki ga wata ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta shafa rim ɗin da tafin hannu. Ta ji daɗi, kowa ya gani.

Ƙarshen Oktoba dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, garin kaf ya tuna da tayar hunturu a rana ɗaya, kamar kowace shekara. Layi har bakin titi. Gord ya ce motocin ma'aikata sai ranar Lahadi, in shago yana rufe. Ranar Juma'a ofis cike da mutane, ni kuma mura ta kama ni, gaɓoɓin hannuna suna ciwo saboda tagar nan. Wani manomi ya ce, "Haba Noreen, rufe tagar nan mana, za ki kashe mu." Orest ya shigo ɗaukar makulli, ya ga mutumin yana nuna taga, sai ya ce, "Ku bar ta. Rediyo ce, in ba ta sha iska ba zafi take yi ta ƙone." Ofis ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba. Saboda wa nake shan sanyin nan? Zuciyata ta yi baƙi ƙirin, na tafi gida da abin, na wayi gari da shi.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci, mu mata muna zauren coci muna ƙulla firogi, wato 'yan ƙullin fulawa masu dankali a ciki, na liyafar kaka, fulawa da dankali ko'ina. Sai ga Orest a bakin ƙofa, hula a hannu. Ta taga na hango motar Darlene a waje, rim huɗu a kujerar baya. Na san abin da ya kawo shi, ba sai an gaya mini ba.

Na juya na fuskance shi sosai don ya ga bakina. "Yaya, lafiya?"

"Lafiya. Kin kusa gamawa?"

"Da sauran aiki. Me kake so?"

Ya dubi matan nan goma sha biyu da suka ɗago suna kallonsa. Ya juya hular a hannunsa. Ya ce, "Ba komai."

A raina na ce, yau dai sai ka faɗa da bakinka. Sau ɗaya kacal, ka ce Noreen ina bukatarki. Ya ɗan ƙara tsayawa, ya sa hularsa, ya fita. Na ci gaba da matse bakin fulawa, har ina jin na yi nasara.

Ranar Litinin Darlene ta biyo ta shago don a gani. Motar ta yi kyau, ba ƙarya, ta tsaya da ƙafarta daram. Na zari takarda rawaya na fita. Orest yana tsaye a gefenta, hannu a aljihu, maza sun kewaye shi suna ta yabo. In rataya takardar baƙi a motar matarsa a gabansu? Na kasa. Na cusa ta a aljihun rigar sanyina, na ce in cunkoso ya ragu zan ja Darlene gefe in ce ta kawo motar a ɓoye. Wayar kanta ba ta daina ƙara ba duk makon, ni kuma na bar maganar ta kwana, ta sake kwana.

Abin da ya faru ranar Laraba daga baya Darlene ta gaya mini. Ta fara jin wata 'yar ƙara, tak, tak, daga tayar gaba ta hagu, in tana tafiya a hankali injin ya yi shiru. Da wata motar ce da gurnanin inji ya rufe ta. Ta gaya wa Orest. Ya shiga suka zaga unguwa, ya karkata kai kamar mai sauraro.

"Ƙusoshin taya ne ke taka kwalta," ya ce. "Haka sababbi suke yi."

"Ka tabbata? Ka ji ta kuwa?"

"Na ji mana."

Da suka dawo gida, don hankalinta ya kwanta, ya ɗauko sifana ya ƙara wa kowane noti ja ɗaya.

Ranar Juma'a da misalin ƙarfe biyu na rana tana gangarowa daga wani tudu da ke kudu da gari, za ta je wanke wa wata tsohuwa ciwon ƙafa. Tayar gaba ta hagu ta fita ta yi nata waje. Motar ta ƙetare hanya, ta yi ƙundumbala sau biyu, ta daki bakin kwalbati. Wani direban babbar mota ne ya tarar da ita. Tayar kuwa sai washegari aka tsince ta can cikin wata gona, rim ɗin ko ƙwarzane bai yi ba.

Kantata 'yan sanda suka kira, don sun san inda Orest yake. Na fita da gudu ina ƙwala masa kira, yana duƙe da bindigar iska, ya ba ni baya. Sau uku na kira. Sai da na zagaya na tsaya a gabansa na ce, "Darlene." Ya karanta a bakina. Ya ajiye bindigar a ƙasa a hankali, ya goge hannu a wando, ya bi ni.

A jirgi aka kai ta asibitin birnin Winnipeg. Ƙashin baya ne ya karye. Ta rayu, ta yi wata huɗu a gado, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai, kuma likitoci ba su yi mana ƙaryar cewa zai dawo ba.

Bayan mako biyu mai binciken inshora ya kawo guntayen bol biyar a 'yar leda. Gord ya zube su a kan kantata, ya kira Orest. Duk biyar ɗin sun sirance a wuya kafin su tsinke. Ko wanda ya yi wata ɗaya a shagon taya ya san ma'anar wannan.

"Baba Orest," in ji Gord, "wa ya ɗaura tayar nan?"

Orest ya ɗauki guda ya juya shi a yatsun da ba sa jin komai, ya ɗaga shi ga haske. "Ni ne."

"Da bindiga ka ɗaure?"

"Da hannu." Ya ajiye guntun a kan kanta. "Na ƙara musu ne. Motarta ce."

Ya ciro makullin shago daga aljihu ya ajiye kusa da ledar, ya fita, bai sake shiga ɗakin aikin nan ba. A ranar na gaya wa Gord labarin biro da taga. Ya zage ni tas, irin zagin da ban taɓa ji a bakinsa ba, kuma ban ce uffan ba, ni da ake kira Rediyo. Bai kore ni ba. Da ya kore ni da na fi samun sauƙi.

Darlene ma na gaya mata, a asibiti, har da zauren coci, har da takardar da ke aljihuna. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Ku biyu da girman kanku, ni kuka sa a tsakiya." Na fashe da kuka, ta bar ni na yi abina. Da na lafa ta ce, "Kin san abin da ke cina? Ba ƙafafun ba ne. Na dubi idonsa na ce ka ji ta kuwa, ya ce na ji mana."

Da ta dawo gida shi ke mata komai. Shi ke ɗaga ta, shi ke mata wanka, shi ke dafa miyar da ko karensu sai ya yi tunani kafin ya sha. Ya je an sa masa na'urar kunne a ƙarshe, sai dai abin da ya rage a kunnen kaɗan ne. Ba ta taɓa yi masa gori ba, ko a gabana ko a bayana. Kawai ta daina ce masa tsoho. Orest take cewa yanzu, kamar yadda take kiran marasa lafiyarta da sunansu. Ya rame, wuyan nan ya zube, tsokana ta ƙare. In na je gidan, talabijin ce kaɗai ke magana.

Mutanen coci suka haɗu suka samo musu wata tsohuwar bas ƙarama mai gadar hawa da keken guragu. Oktoba ta zagayo, dusar ƙanƙara ta sauka, bas tana bukatar tayar hunturu. Gord ya aika cewa zai zo da kansa ya ɗaura. Darlene ta ce a'a, Orest zai yi. Ban sani ba ko jinƙai ne ko hukunci, kuma ban tambaye ta ba.

Ranar Asabar da hantsi ofis ya cika maƙil, layi har waje, sai ga Orest ya shigo. Shekara guda bai taka wurin ba. Mutane suka buɗa masa hanya. Ya zo gaban kanta ya cire hula, ya yi magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Noreen, ba na ji. Shekara huɗu ke nan ba na jin sifana. Ki zo ki saurara mini."

Maganar da na yi shekara huɗu ina jira ke nan, ga ta kuwa a gaban rabin gari. Ban ji daɗin komai ba. Ji na yi kamar in nutse cikin ƙasa. Na ɗauki rigar sanyina na bar wayar tana ƙara.

A ƙofar garejin gidansu ya yi aikin. Darlene tana zaune a kekenta da bargo a cinya, tana kallo. Na tsuguna kusa da shi a kan siminti mai sanyi. Ya ɗora sifana, ya ja a hankali, idonsa a kaina. Ƙas. Na ɗaga hannu. Ya tsaya. Noti ashirin, ɗaya bayan ɗaya.

Da ya gama ya miƙe da ƙyar, ya miƙo mini tafin hannu. Na sa hannu a aljihu na ciro takardar. Ita ce dai ta bara, ta yamutse, rawayar ta koɗe. Ya yi ta ƙoƙarin ƙulla zaren, yatsun suka ƙi, zaren yana ta suɓucewa.

"Kawo nan," in ji Darlene.

Ya kai mata. Ta ƙulla, ta gwada ƙullin da ja, ta miƙa masa. Ya buɗe ƙofar bas ya rataya a madubi. Da ya juyo ta jira har idonsa ya sauka a kan bakinta.

"Kilomita ɗari," ta ce. "Kuma wurin Gord za a kai ta. Ba wurinku ba."

Ya gyaɗa kai. Wannan karon ya gane abin da aka ce masa.